Yadda Za Ka Zaɓi Laftof Ta Buga Gem A Zariya Ba A Yi Maka Sakiyar Da Ba Ruwa Ba

Kwanakin baya wani ƙanin abokina da ke karatu a Samaru ya zo mini da laftof a rungume, ransa a ɓace. "Yaya, i7 ce fa, mai shagon ma har rantsuwa ya yi mini. Amma da na saka gem ɗin ƙwallo na FC sai 'yan wasan su riƙa tafiya kamar masu ciwon ƙafa." Na karɓa na duba. Mai shagon bai yi ƙarya ba, i7 ce. Sai dai i7-7500U ce, tsohuwar ƙwaƙwalwa da aka ƙera don aikin ofis, kuma babu katin girafik na daban a cikinta ko guda. Kuɗin da yaron ya tara na watanni ya tafi a kan na'urar rubuta wasiƙa.

Wannan tarkon na "Core i7" shi ya fi cin mutane a shagunan PZ da Sabon Gari, har da waɗanda ke yin oda daga Kano ko Legas. Ga yadda nake bi idan wani ya ce in raka shi.

Fara da rubuta gem ɗin da za ka buga

Kafin ka taka ƙafa zuwa kasuwa, ɗauki takarda ka rubuta sunan gem uku da ka fi so. Ba wasa nake ba, wannan takardar ita za ta yanke maka yawan kuɗin da za ka kashe. Mai son eFootball da PES 2021 da GTA V ba buƙatarsa ɗaya da mai son Call of Duty na yanzu ko Cyberpunk 2077 ba. GTA V tun 2015 ta fito a kwamfuta, laftof mai matsakaicin ƙarfi ma tana ɗaukarta.

Kowane gem yana da jerin abin da yake buƙata a shafinsa na Steam, wato kasuwar gem ta intanet, ko na kamfanin da ya yi shi, kuma jeri biyu ne: mafi ƙarancin abin da zai sa ya buɗe, da kuma wanda kamfanin ya ba da shawara. Ka manta da na farkon. Shi dai gem ɗin ya kunna ne kawai, daɗin bugawa kuwa babu ruwansa. Misali EA Sports FC 25, wato magajiyar FIFA da aka canza wa suna a 2023: mafi ƙaranci katin girafik GTX 1050 Ti da ram (ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinsa) 8GB, shawara kuwa GTX 1660 da ram 12GB, sannan wurin ajiya 100GB. Kuma ka lura, waɗannan sunayen na kwamfutar tebur ne. Kati mai suna iri ɗaya a cikin laftof yakan gaza ɗan'uwansa na tebur ƙarfi, don haka ka ɗan haura sama da abin da aka rubuta.

Katin girafik: a nan kuɗinka yake

Shi ne ke zana duk abin da kake gani a allo, sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa. Idan yana iya zana hoto 60 a daƙiƙa, wasa zai tafi sumul. Idan ya faɗo ƙasa da 30, sai ka ga ƙwallo tana tsalle-tsalle, ka danna fas ta fita bayan an riga an ƙwace.

Laftof iri biyu ce ta wannan fuskar. Akwai wadda girafik ɗinta a haɗe yake da furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, za ka ga an rubuta Intel HD, Intel UHD ko Iris Xe. Wannan ta kallon bidiyo ce da aikin makaranta da ƙananan gem. Akwai kuma mai kati na daban, da nasa ma'ajin, za ka ga NVIDIA GeForce GTX ko RTX, ko AMD Radeon RX. Ita muke nema. A tsakani akwai GeForce MX, irin su MX250 da MX450, waɗanda 'yan kasuwa ke son nuna sitikarsu suna cewa "ga NVIDIA nan". Kati ne na daban, gaskiya ne, amma ƙarami ne, ba a yi shi don manyan gem ba. Kada ka biya masa kuɗin laftof ɗin gem.

Yadda ake karanta lambar NVIDIA ba wuya. A RTX 4060, lamba 40 ta farko zamanin katin ce, 60 ta ƙarshe kuma matsayinsa a cikin 'yan gidansu. Zamanin 30 ya shigo laftof a 2021, na 40 a 2023, na 50 a 2025. A kowane zamani 50 ne ƙarami, sai 60, 70, 80, 90. Saboda haka kada girman lamba ya ruɗe ka: RTX 3070 ta fi RTX 4050 ƙarfi, duk da ta girme ta.

A ganina, ga mai ƙaramin ƙarfi GTX 1650 ita ce ƙasan tsani. Ta 2019 ce, ma'ajinta 4GB, za ta buga maka ƙwallo da GTA V, amma sababbin gem za su riƙa wahalar da ita. RTX 3050 ta ɗan ɗara ta, kuma tana da DLSS, wata dabara da katin ke zana hoto ƙarami sannan ya faɗaɗa shi ya fito tas, abin da GTX ba ta da shi. RTX 3050 ɗin ma iri biyu ce, mai 4GB da mai 6GB, ka tambaya wacce ce. RTX 3060 da RTX 4050 kowacce 6GB take da shi. Wanda aljihunsa ya kai RTX 4060 mai 8GB, ya saya ya huta, za ta kai shi shekaru. Wannan ma'ajin na kati ba a ƙara shi daga baya, katin kansa ma a liƙe yake da allon cikin na'urar. Abin da ka saya yau da shi za ka zauna har ka rabu da laftof ɗin. Shi ya sa nake cewa a rage komai a ƙara a nan.

Sai abin da yawancin masu shago ba sa faɗa, wasu ma ba su sani ba: wat. Laftof biyu za su iya ɗaukar RTX 4060 iri ɗaya, amma ɗaya an ba katinta wat 45 kacal, ɗayar kuma har wat 140. Doki ɗaya ne, amma an ɗaure ƙafar ɗaya. Siraran laftof marasa nauyi su ake rage wa wuta, don ba su da wurin fitar da zafi. Idan kana son gani da idonka, ka danna dama a fuskar Windows, ka buɗe NVIDIA Control Panel, ka shiga System Information a ƙasa ta hagu, ka nemi layin Maximum Graphics Power. Lambar da ke wurin ita ce gaskiyar katin.

Furosesa: harafin ƙarshe ya fi sunan farko

Mu koma ga yaron nan na Samaru. i3, i5, i7 matsayi ne kawai a cikin zamani ɗaya. Lambobin da ke biye su ne labarin. A i7-7500U, 7 ɗin farko na nufin zamani na bakwai. A i5-12450H, 12 na nufin zamani na goma sha biyu. Ta farkon ƙwayoyin aiki biyu gare ta, ta biyun takwas. To wacce ce babba? Ka ga i5 ta taka i7 ta wuce.

Harafin ƙarshe kuma: U ta masu tattalin batir ce, irin na ofis. H da HX su ne na ƙarfi, su ake sa wa laftof ɗin gem. Haka yake a AMD, Ryzen 5 5600H ko Ryzen 7 6800H duk sun isa. Ba sai ka kai i9 ba. i5 ko Ryzen 5 mai H tare da kati mai kyau ya fi i9 tare da kati mai rauni, nesa ba kusa ba.

Akwai wani dalilin guje wa tsofaffi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana buƙatar Intel zamani na takwas zuwa sama. Duk abin da ya gaza haka, ko da araha, ka bar musu kayansu.

Ram, ma'aji da allo

Ram 16GB ka nema. Idan kuɗi ya gaza ka ɗauki mai 8GB, amma ka tabbatar akwai gurbin ƙari a ciki, don wasu a liƙe ram ɗinsu yake. Sanda biyu na 8GB sun fi sanda ɗaya na 16GB gudu, saboda hanya biyu suke bi a lokaci guda. Kuma ram nau'in DDR4 ba ya shiga gurbin DDR5, ka san naka kafin ka je ƙari.

Ma'ajin fayiloli ya zama SSD, wato mai saurin nan, mafi kyau nau'in NVMe, kada ya gaza 512GB. Gem guda na iya cinye 100GB, ga Windows, ga karatunka da hotunanka. Mai 256GB kafin wata ya cika.

Allo kuwa, 1920 sau 1080 ya isa a inci 15.6. Kada wani ya ja ka da 4K, katin da ke cikin laftof mai matsakaicin kuɗi ba zai iya ciyar da shi ba. Abin lura shi ne saurin sabunta hoto: 60Hz ko 144Hz. Masu gem ɗin harbi za su ji bambancin nan take. Masu araha sukan zo da allo mai kalar da ta ɗan koɗe, wanda ake rubuta wa 45% NTSC. Ga mai gem kawai ba matsala, amma ɗalibin zane ko na tsarin gine-gine da zai yi aikin kala ya nemi mai 100% sRGB. Fitilun kibod masu canza launi kuma ado ne, ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Zafi, ƙura da wuta: lissafin da Bature bai yi mana ba

Waɗanda ke gwada laftof a YouTube a ɗaki mai sanyi suke, wutarsu ba ta ƙiftawa. Kai kuwa a Zariya kake. A watan Maris da Afrilu zafin rana yakan doshi digiri 40, ɗakin ɗalibi mai rufin kwano a Samaru ko Kongo kuwa sai wanda ya kwana ciki. Laftof idan ta yi zafi da yawa rage gudu take da kanta don kada ta ƙone. Katin NVIDIA yakan fara ja da baya wajen digiri 87, furosesa kuma tsakanin 95 da 100. Sai ka ga wasa ya fara lafiya, bayan minti 15 ya soma tsinkewa.

Don haka ka fifita mai kauri a kan siririya. Juya ta ka duba ƙasanta: fanka biyu, ramukan shan iska masu faɗi, da mafitar zafi ta baya ko ta gefe. Jerin da aka ƙera don gem, irin su Lenovo LOQ da Legion, HP Victus da Omen, Asus TUF da ROG, Acer Nitro da Predator, Dell G15, duk da wannan tsarin suke zuwa. Nauyinsu yakan haura kilo biyu, ga caja kamar bulo. Mai hawa bas daga cikin gari zuwa Samaru kullum ya sa wannan a lissafi, ya kuma sayi jakar goyo mai ƙwari.

Sai hunturu. Ƙurar Disamba zuwa Fabrairu fankar nan zuƙe ta take, ta taru a bakin mafita ta zama kamar audugar katifa. Shi ya sa nake son laftof da ake buɗe ƙasanta da 'yan kusoshi kawai, don za ka buƙaci sharewa duk bayan hunturu.

Maganar wuta ita ce ta fi ba mutane mamaki. Wasu na zaton tunda laftof ce, idan an ɗauke wuta za su ci gaba da wasa a kan batir. Yi lissafi: batirin yawancin masu araha bai wuce 50 zuwa 60Wh ba, na'urar kuma idan wasa ya yi zafi tana iya jan wat 120 ko fiye. Rabin awa ke nan. Saboda haka da ka cire caja take rage ƙarfin katin sosai, wasan ya koma tafiyar hawainiya. Laftof ɗin gem a jone take aiki, batirinta na kai ka ga adana wasa ne kafin ta mutu. Cajarta daga wat 135 zuwa 240 take, wasu har 330, alhali ta ofis 45 ko 65 ce. Idan sola kake amfani da ita, batir mai 12V 100Ah na ruwa rabinsa kawai ake so a ja, wato kamar 600Wh, awa uku zuwa biyar ke nan na wasa, gwargwadon wutar da na'urar ke ja, idan babu wani abu a jone. Mai ƙaramin janareta kuma ya sa sitabilaiza ko soket mai kariya a tsakani, don hawa da saukar wuta caja take fara kashewa, kuma ta asali ba ta da araha.

A shago: kada ka biya sai ka gwada

Yawancin abin da ke kasuwarmu na hannu ne, wanda ake kira Landan-yus. Ba laifi ba ne, akwai masu kyau ƙwarai a ciki. Amma laftof ɗin gem ta sha zafi a rayuwarta ta baya fiye da ta ofis, don haka gwajinta ya fi tsanani. Ka je da filashi ɗauke da manhajojin duba kayan cikin na'ura, CPU-Z, GPU-Z, HWiNFO da CrystalDiskInfo, duk kyauta ne, da kuma gem guda ko manhajar FurMark mai gwada ƙarfin kati. Ka je da safe, lokacin da mai shago bai gaji ba kuma akwai wuta ko janareta. Ka gaisa da shi sosai sannan ka ce, "Alhaji, zan ɗan zauna da ita rabin awa, in ta yi mini yanzu zan biya." Mai kaya mai kyau zai turo maka kujera. Wanda ya fara cewa sauri yake ko babu wuta, ka yi masa sallama.

Da farko manta da sitika, ana sayar da ita a kasuwa. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, shiga Performance, ka ga ko akwai GPU 0 da GPU 1, wato girafik biyu, ɗaya ya zama NVIDIA ko Radeon RX. Sunan da Windows ke nunawa ma ana iya sauya shi, shi ya sa za ka buɗe CPU-Z da GPU-Z ka ga ko maganarsu ta zo ɗaya. Sannan ka duba wat ɗin katin kamar yadda na faɗa a sama.

Batir: buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe takardar da ya fitar. Kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity. Idan na biyun ya gaza kashi 70 cikin ɗari na na farkon, kuɗin sabon batir ya fita daga farashi. CrystalDiskInfo kuma zai nuna maka lafiyar ma'ajin da awannin da ya yi yana aiki. Wanda aka ce "ko wata uku ba ta yi ba" sai ka tarar da awa dubu tara.

Yanzu babban gwajin. Jona caja, buɗe HWiNFO a gefe, kunna gem ko FurMark ka bar shi minti 20 cur. Kasa kunne ga fanka: ƙarar iska daidai ce, amma ƙarar gurzawa ko kaɗawa alamar fanka ta kusa tafiya. Sa hannu a mafita biyun ka ji ko duk suna huro iska. Idonka a kan allo: ɗigo-ɗigon kala, layuka, ko allon ya yi baƙi ya dawo, duk alamun katin ya soma lalacewa ne. Idan ta mutu da kanta, tashi kawai. Akwai masu gyaran da ke gasa katin da ya mutu da iska mai zafi, ya farfaɗo ya yi makonni kaɗan, daidai lokacin da za a sayar. Shi ya sa za ka duba kusoshin ƙasa, in duk sun sha sukurdireba ka tambayi abin da aka gyara.

Kada ka manta da caja, nan ma ana cin mutane. Karanta wat ɗin da ke jikinta ka kwatanta da abin da kamfanin ya rubuta wa wannan samfurin. Idan aka haɗa ka da ƙaramar caja, batir zai riƙa raguwa kana cikin wasa alhali a jone take, wasu laftof ɗin ma ƙin ba da cikakken ƙarfi suke. Bakin cajar Amurka ba matsala ba ne, suna karɓar 100 zuwa 240V, adafta kawai za ka saya.

Sauran ƙananan abubuwa cikin minti biyar za ka gama su. Buɗe murfin ka rufe sau da yawa ka ji ko maɗaurinsa na ƙara ko ya tsage. Buɗe farin hoto da baƙi su cika allo don ganin matattun ɗigo. Danna kowane maɓalli, musamman W, A, S, D da suka fi shan wahala. Gwada kowace kafar USB da HDMI da ta wayar intanet. Sake kunna ta ka shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta buɗe, galibi da F2 ko F10, ka tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba.

Ciniki da abin da ke biye

Farashin laftof dala yake bi, na watan jiya ba na yau ba ne. Ka tambayi shago uku a rana ɗaya, ka kuma leƙa farashin intanet na samfurin da cikakkiyar lambarsa. Wanda ya karye da yawa ƙasa da na kowa, akwai dalili, ko lalura ce a ciki ko kayan sata ne. Ka ware wani abu daga kuɗinka tun farko don ƙarin ram, hannun gem da matashin fanka da ake ɗora laftof a kai don sanyaya ta, kada ka zuba duka a kan na'urar.

Rasit dole ne, da sunan shago, da lambar siriyal ta jikin laftof ɗin, da kwanakin garanti a rubuce. "Ai mun saba, ka dawo kawai" ba ta tsayawa a gaban shugaban kasuwa. Ko mako biyu aka ba ka, ka yi amfani da su, ka buga gem sosai kullum don duk abin da ke ɓoye ya fito kafin wa'adin ya cika.

Da ka isa gida ka sake zuba Windows sabuwa, ka sauko da direban katin, wato manhajar da ke tafiyar da shi, daga shafin NVIDIA ko AMD. Gem ɗin da ake turawa a shaguna da yawansu fasassu ne, sukan zo da ƙwayar cuta. Idan data ce matsalar, Steam tana ba da damar kwafar fayilolin gem daga kwamfutar abokinka ka dawo da su a taka, muddin gem ɗin na cikin asusunka, eFootball kuwa kyauta ce. Tunda kullum a jone za ta zauna, shiga Lenovo Vantage ko MyASUS ko makamancinsu ka tsayar da caji a kashi 80 ko ƙasa, batirin zai fi daɗewa. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma, toshe mata hanci kake yi. Ko matashin fanka ba ka saya ba, ɗaga bayanta da littafi guda yadda iska za ta shiga ta ƙasa. Idan hunturu ya wuce, kai ta a buɗe a share fankokin, in ta hannu ce a canza mata man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, ka tsaya a wurin ana yi a gabanka.